Tambaya da Amsa: Ɗaga Shira'i da Rage Shi

Yawancin saƙonnin da suka iso mana a wannan karon, daga gaɓar Bahar Maliya da bakin Nilu, a kan abu guda suke: ɗaga babban shira'i, da rage shi in iska ta yi ƙarfi. Ga masu karanta mu daga tudu, shira'i shi ne ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Doguwar sandar da ke tsaye Larabawa na ce mata sari, mu za mu ce ginshiƙi don kada a ɗauka sarin kasuwa ake nufi. Wadda ke gindin shira'i kuma sandar kwance. Bakara ita ce 'yar wili mai kwari a gefenta, wadda igiya ke bi ta kai in za ta sauya hanya.

Daga wani matashi a Bur Sudan: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina aiki a wani jirgi mai tsawon mita 10 da ke fita wajen Sanganeb. Ni nake ɗaga babban shira'i kullum da safe. Rabin farko da hannu nake ja, daga nan sai ya yi nauyi kamar ana riƙe shi daga sama, saura kamu ɗaya ya kai ƙarshe sai ya cije. Rayyis, wato shugaban jirgin, ya ce ƙarfi ne ba ni da shi. Haka ne?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. A gaida rayyis, amma a wannan magana ba ma tare da shi. Babban shira'in jirgi mai mita 10, da haƙarƙarinsa (siraran sandunan da ake zura masa don ya miƙe) da ƙarafansa duka, da wuya ya wuce kilo 20. Mai ɗaukar jarkar ruwa ta lita 20 ba zai kasa jansa ba. Wani abu ne ke riƙe shi, kuma cijewar da yake yi dab da ƙarshe ta nuna inda za a fara dubawa.

Shira'i na kusa da kaiwa ƙoli, sai bakinsa na baya ya miƙe, ya fara ɗaukar sandar kwance. Duk abin da ya danne sandar nan a lokacin, kai yake yi wa gardama. Abubuwa uku ne ke danne ta. Akwai linzami, igiyar da ake jawo sandar ciki ko a sake ta waje da ita. Akwai igiyar danne, wadda ta taso daga gindin ginshiƙi ta kama sandar ta ƙasa. Sai igiyoyin ragi, waɗanda ake rage shira'i da su, kuma su muka fi zargi. Da yamma in an sauke shira'i sukan yi lilo, sai mai son tsabta ya janye su ya kulle birkinsu, wato abin da ke cije igiya ya hana ta zamewa. Gari na wayewa an manta. Saki dukkan ukun, ka bar igiyar tallafi da ta sauko daga ƙolin ginshiƙi ta riƙe wutsiyar sandar, goshin jirgi kuma ya dubi iska sak. In ya ɗan karkace, iska za ta manna shira'i da wayoyin gefe, ko bakin haƙarƙari ya sarƙe a igiyoyin tare shira'i. Mai ja ya riƙa kallon sama, ba winci ba, wato na'urar da ake naɗa igiya a kanta a murɗa.

In ka yi wannan nauyin bai tafi ba, raba laifin gida biyu. Kwance igiyar ɗagawa daga kan shira'i, ka ɗaura mata jarka mai lita 10, ka ɗaura wa jarkar wata siririyar igiya ta jawo ta ƙasa, sannan ka ja. Ta hau salin-alin? To laifin na hanyar da 'yan zamiya, ƙananan maƙalan da ke riƙe bakin shira'i, ke bi ne a bayan ginshiƙi. Ta yi nauyi ko tana ƙara? Laifin na hanyar igiya ne.

Na farkon ya fi yawa a gaɓarmu. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne, ga ƙura daga tudu. In suka haɗu a kwarin ginshiƙi suka bushe, sai su zama kamar yashi a cikin ƙwarya. Yanka soso daidai faɗin kwarin, ka jiƙa shi da ruwan daɗi da sabulun wanke kwano, ka matse shi tsakanin 'yan zamiya biyu, ka ɗaura igiyar ɗagawa a sama da siririyar igiya a ƙasa, ka kai shi ƙoli ka dawo sau biyar ko shida. Ɗauraye, bari ya bushe, sannan ka fesa man da ke bushewa, irin su Sailkote. Kada ka sa giris ko baƙin mai. Ranar farko za ka ji daɗi, mako na zagayowa ƙura ta manne ya zama kwaɓa, ga baƙin tabo a farin ƙyalle. Bi 'yan zamiyan ɗaya bayan ɗaya: wanda ya tsage, wanda ya siɗe ta gefe guda, wanda aka sa a kife. Guda ɗaya ya isa ya tsayar da sauran.

Na biyun kuwa, fara da ja daga gindin ginshiƙi maimakon daga wurin zama. In can ya yi sauƙi, bakarorin da ke kan daɓen jirgi ne suka cije, su ma ruwan daɗi suke so. In can ma da nauyi, sai an hau. Bakarar ƙoli ta roba rana na cinye ta, raminta ya buɗe ya zama kamar ƙwai, ta daina juyawa, igiya ta riƙa gurzarta. Wani lokaci kuma igiyoyi biyu ne suka harɗe a cikin ginshiƙi. Alamarsa, nauyin na ƙaruwa in an ɗame igiyar shira'in gaba. Mai hawa ya hau da igiya biyu, kowacce da mai riƙonta, kuma ƙulli zai yi a kujerar da ake ɗaga shi da ita. Shakal, wato maƙalin ƙarfe, mai buɗewa da ɗan ja ba a rataya masa rai.

Maganar winci. Lambar da ke kansa, 30 ko 40, kusan adadin ninkin ƙarfin hannunka ce a giyar ƙarfi. Kilo 10 a mariƙi na iya zama ɗaruruwan kilo a igiya, kuma winci bai san shira'i ya maƙale ba, zai yage kansa ko ya fizge igiyar daga bakara kana ta murna kana juyawa. Da ka ji nauyi ya sauya, tsaya. Naɗi uku ya isa, yadda hannun agogo ke juyawa. Ɗamewar ƙarshe kuma ido ke auna ta: a ja har ƙananan tamoji na kwance su ɓace daga bakin gaba. In doguwar tamoji ta fito a tsaye kusa da ginshiƙi, an zarce.

Daga wani mai jirgi a Sawakin: Igiyar ɗagawa tawa ta tsufa, na musanya ta da farar nailan mai kauri da na samu a kasuwa da araha. Ƙarfi kam tana da shi, amma da iska ta taso sai shira'i ya saki, ya yi tumbi. In ɗame, bayan ɗan lokaci ya sake.

Malam, araha ba ta ado. Nailan igiya ce mai kyau a inda ake son miƙewa, wato anga da ɗaurin jirgi a gaɓa, domin tana shanye fizgar igiyar ruwa. Halin nan nata shi ne aibinta a ginshiƙi. Daga kan shira'i zuwa ƙoli, zuwa ƙasa, zuwa birki, igiyar da ke ɗauke da nauyi ta kai mita 15 ko fiye. Ko kashi 1 cikin 100 ta miƙe, santimita 15 ke nan kan shira'i ya sauko, nailan kuwa tana ninka haka sau da yawa. Shuɗiyar igiyar nan mai iyo a kan ruwa ta fi ta muni, rana ke rududduge ta, tana kuma santsi a winci.

Abin da za ku nema shi ne foliyesta mai saƙa biyu, ciki da riga, milimita 10 ga jirgi mai mita 9 zuwa 11. Mai hali ya sayi mai cikin Dyneema, ita kusan ba ta miƙewa, milimita 8 ma ta wadatar ta fuskar ƙarfi. Sai dai a duba lambar da ke jikin birki tukuna, don birkin da aka yi wa 10 zuwa 12 ba zai riƙe 8 ba. Tsawo: ninki biyu na ginshiƙi, a ƙara nisan zuwa winci, a ƙara mita 2. Ginshiƙi mai mita 13, igiya na zuwa wurin zama, wajen mita 31 ke nan. Mita biyun nan na ƙari suna da aiki. Inda igiya ke kwana a kan bakarar ƙoli nan take fara ci, duk shekara sai a yanke kamu ɗaya a sake ƙulli. In a da waya ce a wurin, kwarin bakarar siriri ne mai kaifi, sai an sauya ta. Faɗin bakara kada ya gaza kaurin igiya sau biyar, sau takwas ya fi.

Wajen sa sabuwa, kada a zare tsohuwa. Haɗa bakunansu kai da kai, a ɗinke da zare mai ƙarfi ɗinki shida ko takwas, a naɗe da salatif siriri, a gwada da fizga, sannan a ja a hankali. Salatif kaɗai yakan rabu a tsakiyar ginshiƙi, daga nan sai hawa da zura guntun sarƙar keke a bakin zare.

Daga wani ma'aikacin jirgi, Bur Sudan: Tambayata biyu. Yaushe ya kamata a rage shira'i? Mu sai ruwa ya fara hawa gefe muke yi, kuma kullum da ihu. Na biyu, in mun rage, shira'in yakan yi tumbi kamar buhu, jirgi ya ci gaba da kwanciya. Sau biyu kuma 'yan zamiyan ƙasa suna tsinkewa.

Ɗan'uwa, ihun daga jinkirin yake. Ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya tafiya daidai da gudunta, ninkin kansa yake yi. Gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Daga not 15 zuwa not 20, wato daga wajen kilomita 28 zuwa 37 a awa, ido ba ya ganin bambanci mai yawa, amma nauyin da ke kan shira'i ya kusa ninkawa. Jirgin yawo mai mita 10 da ke hawa iska yakan so ragin farko tsakanin not 15 da 18, na biyu in an haura 22. Ko babu na'urar awo akwai alamu: fararen kawuna sun bazu a ruwa, jirgi ya kwanta fiye da digiri 20 yana zama a haka, mai tuƙi na kokawa da daffa, wato sitiyarin jirgi, domin goshi na neman juyawa cikin iska. A gaɓarku iskar arewa ce ta fi yawa, kuma sau da yawa da asuba lallausa take, hantsi na ɗagawa ta ƙaru. Wanda zai nufi arewa gara ya ɗaura ragin farko tun yana cikin marsa, wato mafakar jirage a gaɓa. Kwancewa a teku wasa ne, ɗaurawa ce aiki.

Ga tsarin, kuma jerinsa shi ne komai. Mai tuƙi ya kai jirgi kusa da iska, shira'in gaba na ja, don jirgi ya ci gaba da tafiya yana jin daffa. A saki igiyar danne. A saki linzami har babban shira'i ya fara kaɗawa. A ja igiyar tallafi ta ɗauki sandar kwance, in ba haka ba da an sassauta sama za ta faɗo kan na zaune. Yanzu a sassauta igiyar ɗagawa, tana naɗe a winci, har zoben ragi na gaba ya sauko ya wuce ƙugiyar da ke gwiwar sandar, inda ta haɗu da ginshiƙi, da kamar yatsa huɗu. A saƙala shi. A ɗame igiyar ɗagawa sosai, fiye da yadda ake yi a iska mai sauƙi. Sai bayan wannan a ja igiyar ragi ta baya har zoben baya ya zauna a kan sandar. A saki tallafi, a ja linzami, a ɗame danne. A ƙarshe a janye rarar igiyar ragi ta biyu, don kada ta yi lilo ta shaƙe wani.

Tsinkewar 'yan zamiyanku daga sauya wannan jeri take. In aka ja baya kafin gaba ya ɗame, duk jan nan na winci yana tafiya kan 'yan zamiya biyu ko uku na ƙasa, su kuwa ba a yi su don jan baya ba. Zoben gaba ne aka yi wa ɗaurin faci don ya ɗauke shi.

Tumbi kuma, a duba inda aka ɗaure bakin igiyar ragi. Hanyarta ita ce: a ɗaure a jikin sandar kwance, ta hau, ta ratsa zoben baya, ta gangara zuwa bakarar wutsiyar sanda, ta bi ciki zuwa gaba. Ɓangaren da aka ɗaure yana jan zobe ƙasa, ɗayan yana jansa baya, kuma duka biyun ake bukata. In ƙullin ya zame gaba, ko tun farko an ɗaure shi gaba da zobe, gindin shira'i ba zai miƙe ba, sai a samu ƙaramin shira'i mai babban ciki, wanda ya fi babba shimfiɗaɗɗe kwantar da jirgi. In kuma an ɗaure can wutsiya, zobe zai tsaya sama da sanda da kamu guda. Gyaran a tashar ruwa ake yinsa, ranar da babu iska, ba a fafe gora ranar tafiya. Sauke zuwa ragin farko, saƙala gaba, ja zoben baya da hannu har gindi ya miƙe, sa alama a sanda, ka ɗaure santimita 5 zuwa 10 bayan alamar. Haka na biyu. A ranar kuma a ɗinka jan zare a jikin igiyar ɗagawa daidai bakin birki, ɗaya ga kowane ragi, yadda mai saki ba sai ya jira ihun na gaba ba. Alƙalami yana gogewa, zare kuwa ko da dare yatsa na jinsa.

Wani dalilin da zobe ke ƙin sauka: linzami bai saku sosai ba, ana jan sanda sama da igiyar ragi, linzami na janta ƙasa.

Ƙananan igiyoyin da ke jere a tsakiyar shira'i na tattara rarar ƙyalle ne kawai, ba su ɗaukar nauyi. A ɗaure su sako-sako, a kewaye ƙyalle kaɗai in gindin shira'in ba a zura yake cikin sanda ba. A gajeriyar tafiya ma a ƙyale su. In an ɗaura, su ake fara kwancewa kafin a saki igiyar ragi. Wanda ya manta guda ɗaya ya ɗaga, zai ji ƙarar da tela ke so.

Daga wani tela a kasuwar Bur Sudan: Ni rumfuna da tamfol nake ɗinki. An kawo mini shira'i mai layin ragi ɗaya, ana so in ƙara na biyu. Bakin gabansa mita 11 da rabi ne. A ina zan sa, kuma kekena zai iya?

Sannu da aiki, maigida. Masu ɗinkin shira'i sukan sa layin farko a wajen kashi 12 cikin 100 na tsawon bakin gaba, na biyu a wajen kashi 25. A naka, na biyun zai faɗa kusa da mita 2 da santimita 90 daga kusurwar ƙasa. Kada ka raina wannan. Shira'i faɗinsa a ƙasa yake, don haka cire rubu'in tsawo na cire fiye da kashi 40 na ƙyallen. Matsa sama ko ƙasa kaɗan don ka kauce wa aljihun haƙarƙari da mazaunin ɗan zamiya. Zoben baya ya fi na gaba tsawo da kamar santimita 10 zuwa 15, in an auna daga gindi, don wutsiyar sanda ta ɗaga daga kawunan mutane da kuma ruwa.

Aikin duka a facin yake. Dubi kusurwar baya ta asali, ka ƙirga rufi nawa ne, ka yi kamarsa, galibi huɗu zuwa shida. Kowane rufi ya fi na samansa girma da yatsa uku ko huɗu, don kada bakunansu su haɗu a layi ɗaya su zama wurin karyewa. Babban ya kai santimita 50 zuwa 60, ya miƙa sama ta bakin baya da kuma gaba ta layin ragi, nan ne ja ke bi. Ƙyallen ya zama Dacron, wato foliyesta na shira'i, ko daga tsohon shira'i ne in bai ruɓe ba, kuma zaren saƙarsa ya bi na shira'in. Tamfol yana miƙewa daban, zai tattare. Ɗinki mai zigzag, zaren foliyesta mai jure rana, lamba V-92, allura 18 ko 20. Zaren auduga zai ruɓe, na nailan rana za ta ci.

In ba ka da injin matse babban zobe, kada ka sa idon tagulla irin na rumfa, fizga ɗaya zai fita. Nemi zoben ƙarfe marar tsatsa, ka ratsa shi da ɗamara uku masu faɗin milimita 25, kowacce ta kwanta a fuska biyu na facin tsawon kamu guda da rabi, a baje kamar yatsun kaza. Inda keke ya gaza, huda da basilla ka ɗinka da hannu da zare mai kakin zuma. Ƙananan idanun tsakiya kuwa, kowanne da ɗan facinsa, su zauna yatsa biyu ko uku ƙasa da miƙaƙƙen layin da ke tsakanin manyan zobba biyu, don nauyi ya bi ta samansu.

Daga wani dattijo masunci a Jabal Auliya: Jirgina na itacen bagaruwa ne, shira'insa na auduga, da sanda a sama da sanda a ƙasa, a ta ƙasan muke naɗe shi. Daminar bara iska ta taso mana, muka saki igiya, sandar sama ta ƙi sauka, Allah ne ya kiyaye. Igiyar ta rami take bi a kan ginshiƙi. Me ya jawo?

Baba, Allah ya ƙara kiyayewa. Abu biyu ne suka haɗu muku. Igiyar kaba ko ta auduga in ta sha ruwa tana kumbura, ramin itace shi ma ya kumbura ya matse. Sannan zoben igiyar da ke rungume sandar sama da ginshiƙi, iska na cika shira'i sai ya shaƙe. A haka nauyin sanda kaɗai ba zai sauko da ita ba.

Ku ɗaura bakara a ƙolin ginshiƙi da igiya mai ƙarfi zagaye huɗu ko biyar, igiyar ɗagawa ta bi ta kanta, ta zama foliyesta in an samu. In ramin za a ci gaba da amfani da shi, a faɗaɗa, a goge bakinsa ya yi sumul, a shafa kitse. Zoben runguma a zura masa ƙwallayen itace kamar carbi, ko ƙwallon goruba da aka huda, su riƙa mirginawa. Inda sanda ke gogar ginshiƙi a naɗa fata. Abin da ya fi duka: a ɗaura wata igiya daban a sandar sama, ta sauko gindin ginshiƙi, ta jawowa ƙasa da ƙarfin hannu. Igiyar ɗagawa kuma a ɗaure ta da ƙullin zarge wanda ja ɗaya ke kwancewa, rararta a naɗe a ajiye inda taru ba zai hau kai ba. Linzami ba a ƙulle shi sam, naɗi ɗaya a katako, bakinsa a hannu.

Naɗewa a sandar ƙasa ragi ne mai kyau ga iskar arewa ta lokacin sanyi, wadda ke ƙaruwa sannu a hankali. Mutum ɗaya na sassauta sama, ɗaya na murɗa sanda, yana jan bakin baya don naɗin ya kwanta daidai. Habub, wato guguwar ƙura, dabam ne. Daga wajen Mayu zuwa Satumba, in kun hangi jan bangon nan ya taso, babu maganar ragi, a sauke duka a ɗaure tun iskar farko ba ta iso ba, don takan zo ta wata fuska ba wadda ake tafiya da ita ba. Bayan madatsar Jabal Auliya, tun da aka gama ta a 1937, Farin Nilu ya yi faɗin da igiyar ruwa ke samun filin girma. Shira'in auduga kuma kada ya kwana a naɗe da jiƙa, a baje shi ya sha iska, in ba haka ba fumfuna ta ci shi ta ciki.

Daga wani Alhaji a Sawakin: Shekaru sun ja, zuwa gindin ginshiƙi cikin igiyar ruwa ya fara yi mini wuya. Ina so in kawo igiyoyin duka wurin zama. An ce akwai tsarin da igiya ɗaya ke rage gaba da baya tare.

Ranku ya daɗe, akwai, amma ga jirgin da ya kai mita 10 mun fi son igiya biyu ga kowane ragi, ta gaba daban, ta baya daban. Igiya ɗaya takan sauya hanya sau shida ko fiye, kowace kwana na cin ƙarfi, tsawonta ya cika wurin zama, kuma ba ta bari a ɗame gaba kafin baya. Ta gaban gajeriya ce: daga ido a gefen ginshiƙi, ƙasa da gwiwar sanda kuma ɗan gaba da ita, ta ratsa zoben gaba, ta sauko ɗaya gefen zuwa bakarar gindi. Milimita 8 ko 10, kowace igiya da launinta.

Wajen sayen bakara, nauyin da ke kanta ya fi na igiya. Wadda ke juya igiya kwana ta digiri 90, kamar ta gindin ginshiƙi, tana ɗaukar kusan ninki ɗaya da rabi. Wadda igiya ke zagayawa ta dawo, ninki biyu. Birki da bakarorin daɓe a ɗaure su da kusoshi masu ratsawa, da farantin ƙarfe ta ƙasa, a cike ramin da gam mai hana ruwa. Igiya ta iso winci daga ɗan ƙasa, digiri 5 zuwa 10, in ta zo daga sama naɗi zai hau naɗi ya cije. Kusoshin su zama masu hatimin A4, domin A2 yana fitar da tsatsa a ruwan gishiri. Duk wanda zai shiga jikin alminiyam a shafa masa Duralac ko Tef-Gel tukuna, in ba haka ba farin gari zai fito kewaye da shi, ya ci ramin, shekara biyu ko ya ƙi fita ko ya fito da naman sandar.